Kalar Zuma

Munira ta faɗo gidansu a Tourou, can gefen Parakou, kallabi ɗaure har gira. Ta zube gaban Inna tana kuka.

"Ke, lafiya? Ba Djougou kika je gyaran gashin biki ba?"

Ta zare kallabin. Inna ta dafe ƙirji. "Innalillahi!"

Gashin nan da ke sauka har kafaɗa ya koma kore-kore kamar miyar kuka, ana taɓawa yana tsinkewa. Ga biki ya matso.

Aikin Tsahara ne, yayar Ziyad ɗin da Munira za ta aura. Ita ta rene shi tun rasuwar iyayensu, tana da salon, wato shagon gyaran gashi, a Djougou, ta kuma ce ba mai taɓa kan amaryar ƙaninta sai ita. Munira ta nemi kalar zuma, har ta gaya mata tana sa baƙin lalle a gashi. Tsahara ta ce, "Ni za ki koya wa aiki?" Ta lafta maganin rini a kan lallen, alhali su biyun ba sa haɗuwa.

"Inna, da na ga madubi cewa kawai na yi, 'Tanti, ba wannan na nema ba, kin ƙona mini kai!' Sai ta ce gashina ne marar kyau, ni kuma marar kunya, na tozarta ta gaban masu zuwa salon."

Kafin la'asar Ziyad ya kira.

"Munira, Yaya ta rantse ba za ta taka wurin bikin ba. Ita ce uwata, ita ce ubana. Ba zan iya ɗaura aure tana fushi ba."

"To ni fa, Ziyad? Kaina fa?"

Sai kawai ya yi sallama ya ajiye wayar. Wallahi wannan ya fi rinin yi mata ciwo.

Inna ta hasala. "A mayar musu da lefensu! An cuce ki, kuma ke ce mai laifi?"

Munira ta shige ɗaki. Ta yi kwanaki ba ta cin abin kirki, gashin na zuba a matashi, har dole aka aske shi tas. Amma son Ziyad ya ƙi barin ta. Ta roƙi Inna, ta shiga mota ta koma Djougou.

Ta jira sai da salon ya watse, sannan ta durƙusa.

"Tanti, ban zo don gashi ba. Na ɗaga miki murya gaban mutanenki. Ki yafe mini."

Tsahara ta taɓe baki. "Cire kallabin in ga abin da ake ta kururuwa a kai."

Ta cire. Kai ƙwal, ga tabon ƙuna har ƙeya. Tsahara ta nemi kujera ta zauna.

"Kin gaya mini zancen lallen, na ji ki sarai, girman kai ya hana ni saurara. Ni na yi miki wannan, kuma ke kika zo ba ni haƙuri?" Ta rungume ta, suka fashe da kuka.

Ranar biki Tsahara ce ta ɗaura mata gwaggwaro da hannunta. Munira ta dubi madubi, hawaye suka zubo, don ba haka ta so Ziyad ya fara ganin kanta ba. Amma aurenta ya tsira.

'Yan mata, mahaƙurci mawadaci ne. Gashi yakan sake tsirowa, amma zumunci in ya tsinke, ƙulla shi sai an sha wuya.