Tsamin Gidan Kande

A can wani zamani, a wata unguwar masu gurasa, an yi wata mata mai suna Kande. A unguwar, kowace mace takan rage ɗan tsohon kwaɓi, wato tsami, don shi ke tayar da sabo. Wadda nata ya lalace sai ta samo a maƙwabta. Kande ta gaji tsami mai ƙamshi daga mahaifiyarta, amma duk wadda ta roƙa sai ta ce, "Ya ƙare."

Ran nan, ana gobe sunan jikanta, akuya ta ture ƙwaryar ta lashe tas. Kande ta dafe ƙirji. "Na shiga uku! Me zan ba baƙi?"

Ta bi gida-gida, kowa na ce mata, "Ya ƙare." Tsohuwa Iya Tasalla ce kaɗai ta miƙo mata ƙwarya cike.

Kande ta sansana, sai ta yi turus. "Iya, ai wannan ƙamshin na gidanmu ne!"

"Naku ne, 'yar nan. Uwarki ce ta kawo mini tun kina goye, ban ma roƙa ba."