Igiyar Rabab ta Ƙarshe a Kan Teburin Abinci

Adil, Najwa, 'ya'yana, ku ajiye wayoyin nan ku matso kusa. Ba kwa nan aka yi abin, kowannenku guntu ya ji. Yau zan ba ku shi daga tushe, yadda 'yar'uwarku Rabab ta zayyana min, kuma kada wanda ya katse ni.

Ranar Alhamis ce da safe, a gidansu na garin Mahalla, hawa na huɗu. Rabab tana ƙunshe gurasa da cuku da dafaffen ƙwai a leda, 'yarsu Rawan mai shekara shida tana tsalle a kan kujera tun da ta ji yau za a je filin lilo na bayan Alƙahira. Mijinta Midhat, mai gyaran injin saƙa, yana gaban madubi yana ta fama da kwalar rigarsa ta Sallah.

"Me kike ƙunshewa haka kamar masu tafiya gona?"

"Abin da za mu ci mana. Ka san tsadar wuraren nan."

"Mayar da shi! So kike yayanki ya ce na kasa ciyar da ke? Ya zo daga Kuwait da motarsa kamar jirgin ruwa, ni kuma in fito da ƙwai a leda?"

Ta mayar. Ta zo ta gyara masa kwalar da hannunta, ta ce a hankali, "Baban Rawan, abu ɗaya nake roƙo. Yau ka riƙe bakinka."

Ya yi dariya ya ja mata hanci. "Shekara bakwai ina riƙe da shi, sarauniya. Yau ne zai kuɓuce?"

Kun san abin da take nufi. Midhat yana son Rabab, son da ban taɓa ganin irinsa a unguwarmu ba. Lokacin da ta yi ciwon ƙafa, wata biyu yana goya ta hawa huɗu yana sauko da ita. Amma a farkon aurensu, da ƙuruciya da zafin kai, sau biyu yana furta mata saki, sau biyu ana mayarwa. Igiya ɗaya ta rage musu, da ita suke kwana suke tashi.

Tun a ƙofar filin aka fara. Midhat ya zaro walat, yayanku Sarwat ya ɗaga masa waya yana murmushi, ya kira shi Usta, wato makanike.

"Haba Usta, mayar da abinka. Tun jiya na yanki tikiti. Kai dai ka shiga ka sha iska, yau babu inji babu baƙin mai."

"Allah ya ƙara buɗi, Basha, babban mutum," in ji Midhat, kunnensa ya yi ja.

Duk da haka sun ji daɗi da farko, ba zan ɓoye ba. Sun hau babban lilon nan mai kewayawa sama, su biyu kaɗai a ɗan akwati. Da ya kai ƙololuwa ya tsaya, Rabab ta rufe ido ta ƙanƙame hannunsa. Ya ce, "Buɗe ki gani mana, matsoraciya! Ga dala can, ginin dutsen mutanen da." Ta ce, "Ba na son dala, ƙasa nake so!" Suka yi ta dariya kamar sabon aure.

Sai dai masu filin sun san aikinsu, duk lilon da ka sauka ta cikin kanti za ka fita. Nan Rawan ta rungumi wata 'yar tsana da ta fi ta tsayi ta ƙi saki. Midhat ya juya takardar farashin, ya duba, ya sake dubawa, sannan ya ɗauko wata ƙarama.

"Ga wannan, 'yar Baba. Ta fi kyau, kuma za ta shiga jakarki."

"Kai Midhat, wannan ai ta jarirai ce," in ji Intisar matar Sarwat. "Waccan ce orijinal."

Sarwat ya matso. Ya ɗauki babbar, ya ɗora jakar hannu ta fata a kai ya ce ta Rabab ce, ya miƙa kati. Rabab ta ce, "Yaya, ina da jaka," ya ce, "Na ga wadda kike da ita." Suna shirin fitowa Rawan ta ɗaga kai daga bayan 'yar tsanar, da muryar nan tata da ake ji har titi, ta ce:

"Mama, Kawu ya fi Baba kuɗi, ko?"

Intisar ta ƙyalƙyale. Rabab ta kalli mijinta, ta ga yana mayar da ƙaramar 'yar tsanar inda ya ɗauko ta a hankali, yana gyara mata zama. Daga nan aka nufi gidan abincin da ke cikin filin.

Bayan la'asar suka zauna. Midhat ya karɓe takardar abinci daga hannun ma'aikacin, ya shiga kira: tattabaru cike da shinkafa, gasasshen nama, miyar lalo, lemon mangwaro ga kowa. Rabab ta taka masa ƙafa a ƙarƙashin tebur, ya janye. Ana tsakiyar ci Sarwat ya miƙe ya ce zai wanke hannu. Rabab ta bi shi da ido, ta ga bai nufi famfo ba, wajen mai karɓar kuɗi ya karkata. Ta san dabarar, duk mazanmu suna yi. Ta so ta raɗa wa Midhat, sai ta ga karon farko tun fitowarsu daga kantin yana dariya yana ɓare wa Rawan ƙafar tattabara. Ta ce a ranta bari ya gama cin abincinsa cikin daɗi. Wannan shirun ne take kuka da shi har yau.

Da aka kwashe kwanuka Midhat ya ɗaga hannu. "Kawo takardar kuɗi nan!"

"Zauna, Usta," in ji Sarwat. "Kai baƙona ne."

"Wallahi ba ka isa ba! Ƙofa kai, kanti kai, nan kuma nawa ne."

"Ka ajiye ka sai wa yarinya takalmin makaranta."

Suka miƙe, wannan yana danne hannun wancan, mutanen teburin kusa suna murmushi don abin da aka saba gani ne. Rabab ta kama gefen rigarsa. "Baban Rawan, tsaya ka ji..."

Ya fizge. Ya bugi tebur har kofuna suka yi tsalle.

"Na rantse da igiyar aurena! In wani ya biya abincin nan ba ni ba, Rabab ta saku!"

 Ma'aikacin da ya taho ya tsaya da faranti a hannu, ya kalli wannan ya kalli wancan.

"Ranka ya daɗe... an riga an biya. Tun ɗazu."

Rabab ta ce ba ta san lokacin da ta durƙusa gaban yayanta ba, a gaban jama'a.

"Yaya, don Allah! Ka karɓi kuɗinka, a bar shi ya biya. Don darajar Umma!"

"Za a iya mayarwa, ranka ya daɗe," in ji ma'aikacin da sauri. "Yanzun nan."

Sarwat ya goge bakinsa da tsumma, ya ninke shi.

"A mayar da me? An biya, ya kuma furta, kowa ya ji. Ta ukun ke nan, ko na yi kuskuren ƙirga? Tun ranar da ya zo neman aurenki na ce mutumin nan bai san darajarki ba. Ga shi ya sayar da ke a kan tattabara. Tashi!"

"Sarwat, ka san ba nufina ba ne," in ji Midhat. "Rabab, kin san..."

Ya miƙo hannu zai ɗaga ta. Sarwat ya ce, "Kada ka taɓa ta! Ta haramta gare ka." Hannun ya tsaya a iska. Abin da ya karya Rabab ke nan, domin Midhat mai tsoron Allah ne, shi kansa bai san ko matarsa ce ko ba matarsa ba ce. Ita ma ba ta sani ba. Haka aka sa ta a bayan mota, 'yar tsanar nan tsakaninta da Rawan, yarinya tana ihu, "Baba bai shigo ba! Ku tsaya, Baba bai shigo ba!" Rabab ta juya ta hango shi tsaye a ƙofar filin cikin rigar Sallah, masu sayar da balan-balan suna kewaye shi.

Nan gidan aka kawo ta. Sarwat ya kafa kujera a ƙofar ƙasa kamar mai gadi. Sau uku Midhat yana zuwa, sau uku Sarwat yana korarsa. A na ukun Midhat ya ɗaga murya don a ji a sama, ya ce ya je ofishin fatawa, malamin ya ce ba zai yanke komai ba sai an zo da matar.

"Yawon neman malamin da zai halatta maka haram kake yi!" in ji Sarwat. "Ƙanwata ba ta zuwa ko'ina. Zan riƙe ta, zan riƙe 'yarta, za su ci abin da ba su taɓa ci a gidanka ba."

Rabab tana bayan labule tana ji, ba ta leƙa ba. Ba ta yi wa yayanta tsiwa ba ko sau ɗaya. Ta yi wanki, ta yi girki, ta kai masa shayi da hannunta, ta koma ɗaki ta kifa kai a kan sallaya. Sabuwar jakar tana rataye a ƙusa ko ledarta ba a cire ba. Rawan kuwa kullum da safe sai ta tambaya, "Yau za mu koma gida?" Rabab ta ce, "In Allah ya so." Ta rame har zoben aurenta ya fara zamewa, ta naɗa masa zare.

Ni kuma na yi shiru. Ku ji da kyau, ba zan wanke kaina ba. Benen nan Sarwat ya gina, maganina shi yake saye, bakina ya yi nauyi.

Ranar kwana ashirin da shida Rabab ta zo ta zauna a ƙasa kusa da ƙafata.

"Umma, ban ce ki yi faɗa da Yaya ba. Ki raka ni kawai a tambaya. In aka ce ya ƙare, wallahi zan dawo in zauna, ba za ki ƙara jin sunansa a bakina ba. Amma kada a bar ni haka, ni ba mai aure ba, ni ba bazawara ba."

Na ɗauki baƙin mayafina. A ƙasa Sarwat ya tare ƙofa.

"Umma, in kika fita da ita..."

"Sai me? Kai ma rantsuwar za ka yi? Ga Intisar can sama, rantse in ji!"

Ya matsa.

Muka aika wa Midhat, muka haɗu da shi a ofishin fatawar. Malamin dattijo ne, ya saurari kowa bai yi gaggawa ba. Sannan ya cire tabarau ya dubi Midhat.

"Allah yana ganinka, ɗana. Lokacin da ka furta, rabuwa da ita kake so?"

"Malam, in rabu da ita in je ina?" Sai ya fashe da kuka, ƙato da shi, a gaban layin mutane. "So nake ya bar ni in biya. Sau ɗaya kawai, a gaban 'yata!"

Malamin ya tambayi Rabab, ta faɗi abin da ta gani tun daga ƙofar filin har tebur, ba ta ƙara ba ta rage ba, har da shirun da ta yi. Ya ce wannan rantsuwa ce ta neman tilasta wani, ba nufin saki ba, aure yana nan, Midhat ya ciyar da miskinai goma. Sannan ya nuna shi da tabarau ya ce, "Amma matarka ba kuɗin aljihunka ba ce da za ka riƙa bugawa a tebur. Ka ji kunya!"

Ranar Rabab ta koma gidanta. A ƙasan bene Midhat ya sunkuya wai zai goya ta, ta ce, "Tashi, mahaukaci, maƙwabta suna kallo!" Tana dariya tana hawaye.

Haƙurinta ne ya mayar da ita. Da ta zagi yayanta ta gudu, da ta koma ɗakin da ba ta san halal ne ko haram ba, ta rasa dangi kuma. Kai Adil, ka riƙe wannan: namijin da ya sa aurensa a rantsuwa don a ce shi wani ne, matarsa yake yankawa. Wanda kuma yake kyauta don ya ƙasƙantar da mutum, gara ya riƙe abinsa.

Saura abin da na tara ku a kai. Sarwat ya koma Kuwait bai yi sallama da Rabab ba, ba ya ɗaukar wayarta. Midhat ya ce a shirye yake ya je ya sumbaci kan yayanku ya ba shi haƙuri, Sarwat ya aiko cewa ba zai ƙara zama tebur ɗaya da shi ba. Babbar Sallah saura wata ɗaya, kuma yana tafe. Ni na tsufa, maganata ta ƙarshe da shi a bakin ƙofa na yi ta, har yanzu tana ci masa rai. Ku ne 'yan'uwansa, ku kira shi, ku kira Midhat, ku sasanta min su kafin a yanka rago. Ba zan raba naman layyata gida biyu ba.