Ginshiƙin Tsakiyar Falo

Rana na shirin faɗuwa magini ya dawo daga aiki, ya zauna a tsakar gida yana kankare busasshen siminti daga faratansa. Matarsa na ninke wanki. Gari ya yi tsit. Sai wani abu ya faɗo tim a gabansa. Ɓallin kankare ne, da jan tsatsa a jikinsa. Bai gama juya shi ba na biyu ya zo ya fasa masa goshi.

Ya gane kankaren, don shi ya zuba shi da hannunsa shekara goma sha huɗu baya. Simintin irin wanda ake gaurayawa da tokar masana'anta ne, mai son a daɗe ana shayar da shi ruwa, a kuma lulluɓe rodinsa da kauri. Shi kuwa sauri yake, kwana biyu ya ba shi ruwa ya kwance katako. Tun daga nan iska ke kutsawa tana cin kankaren a hankali, har ta kai ga rodi. Rodi ya yi tsatsa ya kumbura, ginshiƙin tsakiyar falon gidansa ya tsage.

Kwana shida ana jifa, kullum da magariba. Ba tagar da ta tsira. Rana ta bakwai suka tarar da 'yarsu Auta a gindin ginshiƙin, tana haƙarsa da yatsu, jini na bin hannunta. Uban ya riƙo ta. Ta ɗaga shi kamar tsumma ta maka da bango, haƙarƙarinsa biyu suka karye.

Yayan matar ne ya zo da wani tsohon malami. Maza huɗu suka danne yarinyar, malam ya yi ta karatu a kunnenta har ta ƙwala ƙara da wata murya mai kauri.

“Wane ne kai?” in ji malam.

“Uwa ce ni. A tsibin tokar masana'anta muke zaune, ni da ɗana. Aka kwashe mu aka ɗura a buhu. Wannan mutumin ya kwaɓa mu ya rufe. Da ginshiƙin ya tsage na fito. Ɗana yana can ƙasa, inda tsagar ba ta kai ba. A fasa ginshiƙin yanzu!”

“Ginshiƙin ke riƙe da bene, baiwar Allah. Ba mu kwana uku mu tokare benen tukuna.”

Aljanar ta fizge hannu, ta kama ɗan yatsan Auta ta lanƙwasa baya. Kowa ya ji ƙas. Uwar yarinyar ta zube ƙasa.

“Gobe!” magini ya yi ihu, yana dafe da ƙirji. “Wallahi gobe kafin rana ta faɗi!”

Malam ya sa aljanar ta rantse za ta fita nan take. Ta rantse. Auta ta yi atishawa uku, ta buɗe ido. “Baba, hannuna,” ta ce, ta fashe da kuka.

Washegari aka tokare benen da ƙarafa. Magini ya hana kowa taɓa guduma, shi ya yi ta dukan ginshiƙin yana tofar da jini. Rodin ciki ya dinga marmashewa a hannu kamar busasshen kara. Da ya kai gindi, wani hucin zafi ya taso ya sale masa fatar hannu, aka ji kukan jariri ya bi ta taga ya yi nisa. Ba a sake jifa ba.

Auta ta warke, sai dai yatsan ya zauna a karkace. Shi kuwa magini ya kasa zama, don a waccan shekarar gida goma sha ɗaya ya gina da wannan siminti, da wannan sauri. Tun bai kwance ɗaurin ƙirjinsa ba ya je ya ƙwanƙwasa ƙofar gida na farko. Wata mata ta leƙo da goyo.

“Ni na gina muku gidan nan,” ya ce. “Don Allah ki fito da yaran waje tukuna, sannan in yi miki bayani.”