Jinin da ba ya tsayawa

"Karɓi zobenka."

Ta ajiye shi a kan teburin da yake gyaran agogo, tsakanin ƙananan kusoshi.

Ya ɗago kai a hankali. "Fitilata... me na yi?"

"Ba ka yi komai ba."

"To kalle ni ki faɗa."

Ina! Ta kasa. Idonta na kan gwiwarsa da ta kumbura suntum, daga ɗan bugewa da ƙafar tebur kawai. Haka yake tun yana yaro, jininsa ba ya daskarewa.

"Umma ta ce ba za ta binne jikoki ba," ta faɗa. "Aminiyata ta yi mata bayani, ka san ita nas ce. Ta ce duk ɗa namijin da ka haifa sai ya gaje ka."

"Ba haka likitana ya ce ba! Zo mu je ki ji da kunnenki, rabin raina, don Allah..."

"Na gaji da ji!"

Ta fice da gudu. Yana kira, amma gwiwa ta hana shi bin ta.

A kan cinyar aminiyar ta yi kukanta, ita kuwa tana shafa mata kai har da matso hawaye. Munafuka! Shekara ba ta zagayo ba sai ga ta amarya a gidan mai agogo.

Ita kuwa da aka ci amanarta ta haɗiye baƙin cikinta, ta koma kan keken ɗinkinta. Daga baya ta auri wani direba, ƙato, wanda Umma ke yabo tana cewa ko ciwon kai bai sani ba. Allah ya ba su ɗa namiji.

Ranar da yaron ya fara tafiya ya faɗi, leɓensa ya bugi ƙarfen keken. Ta danne da ƙyalle, ya jiƙe. Ta sake wani, ya jiƙe. Ta cire ɗankwalinta ta danna, ta suri yaron sai asibiti, Umma na biye tana salati.

Bayan an samu jinin ya tsaya, an yi gwaji, likita ta zaunar da su.

"A dangin mahaifiyarki, akwai namijin da jini ya taɓa ƙin tsaya masa?"

"Babu," ta ce.

Umma ta kawar da kai.

"Umma?"

"Ƙanena..." Umma ta ce da ƙyar. "An cire masa haƙori yana yaro, bai ƙara tashi ba. Mun ce ajali ne. Ni ban taɓa irin wannan ciwo ba, ke ma haka, ina zan sani?"

"Haka cutar take," in ji likita. "Mace tana iya ɗauke da ita ba ta sani ba, ta ba ɗanta. Namijin da ke da ita kuwa ba ya ba ɗansa namiji, 'ya'yansa mata ne ke ɗauka."

Ashe abin da ta guje masa a jikinta yake!

Ta fito da yaron a kafaɗa, sai ga mai agogo zaune a benci, ya zo karɓar allurarsa. Wani ɗan yaro mai kama da shi sak yana guje-guje a gabansa, ya faɗi tim, ya tashi yana dariya. Aminiyar na gefe.

"Kin sani," ta ce mata. "Tun ranar kin sani!"

Aminiyar ta sunkuyar da kai.

Shi kuwa ɗankwalin da ya rine yake kallo. Ba sai an gaya masa ba.

"Fiti..." sai ya gyara. "Maman yaro, ki kwantar da hankalinki. Zai rayu, ba ga ni ba?"

Hawaye ya ɓalle mata. "Wata rana zai girma... zai so wata..."

Ya daɗe yana kallon yaron, sannan ya miƙe da ƙyar ya kama hannun ɗansa.

"Allah ya ba shi wadda za ta je ta ji da kunnenta."