Faifan Gishirin Baba

Ranar da aka raba ɗalibai biyu-biyu a ɗakin gwajin sinadarai, Auta ta faɗo tebur ɗaya da wani saurayi mai shiru-shiru da ake kira Dogo. Aikinsu su dafa gaurayen sinadarai biyu, tururin ya huce ya ɗiga a kwalba. Ita tana duba ma'aunin zafi, shi yana ƙirga ɗigo. Sau uku ƙirgen yana ɓace masa, don ba kwalbar yake kallo ba.

"Malam, ɗigon yana can," ta ce.

"Na sani. Idon ne ya ƙi jin magana."

Kafin zangon karatu ya raba, magana ta yi nisa, har ya raɗa mata Tauraruwa. Sai dai fa akwai Baba. Mahaifin Auta shi ne mai kula da ɗakin gwajin, shekara ashirin da shida yana wannan aiki, mutumin da ko kwalba aka ajiye a karkace sai ya gani. Shi kuwa surukin da ransa ke so shi ne mataimakin malaminsu, ɗan guga da turare, wanda tuni ya fara kai gaisuwa gida.

Ranar auna abin da suka tace a na'urar infirared, mai nuna abin da ke cikin sinadari, aka yi ta. Ana ɗiga samfurin ne tsakanin wasu faifai biyu masu kama da gilashi, alhali gishiri ne zalla, ba sa shiri da ruwa. Auta, garin sauri, ta ɗauraye su a famfo ta goge da gefen riga.

Takardar sakamako ta fito daga na'urar. Sinadaransu babu ruwa a ciki, amma ga layi ya yi wata faffaɗar lotsawa wajen lamba 3400 a ma'aunin takardar, alamar ruwa da ko ɗan aji ɗaya ya sani. Baba ya ɗaga faifan biyu a haske. Sun dushe, gefensu ya zagwanye.

"Wa ya sa musu ruwa?"

Auta ta sunkuyar da kai.

"Teburinmu ne, Baba," in ji Dogo. Bai ƙara ko kalma ba, kowa ya ɗauka shi ne.

A gida Baba ya yanke hukunci. "Wanda bai san gishiri na narkewa ba zan ba 'yata? Kada in sake ganin ƙafarsa a ƙofar gidana."

Ran Alhamis za a miƙa rahoto, kuma ta hannun Baba yake bi. Ana gobe, mataimakin malami ya tare ta a baranda da wata takarda ta ɗaliban bara, layinta fes.

"Liƙa wannan a naki. Shi kuma ya ji da abin da ya jawo."

Ta karɓa, don tsoro ba ƙarya ba ne. Tana tafe saƙon Dogo ya shigo:

"Tauraruwa, kada ki ce komai. Ni dama ba na gaban Baba, ke kuwa da ke yake taƙama. Bar ni in ɗauka."

Ta tsaya cak, hawaye na ɗiga kan wayar. Ta rubuta:

"In ka ɗauka ni za ka rasa, Dogona. Ka yi wannan lissafin kuwa?"

Ta mayar wa mataimakin takardarsa, ta liƙa tasu mai lotsawa.

Baba ya kira su biyun ofishinsa. A fili ya karanta abin da ta rubuta a rahoton: "Lotsawar 3400 ta ruwa ce, kuma ba daga tacewar ta zo ba. Ni na wanke faifan gishiri a famfo. Abokin aikina bai taɓa su ba."

Ya cire tabarau. "Ke? Ke da kika yi rarrafe a ɗakin nan?"

"Ni ce, Baba."

Ya juya kan Dogo. "Kai kuma ka bar ni kwana huɗu ina cin mutuncinka?"

"Faɗan uba ba ya kisa, Baba."

"Ƙarya ka yi min da shirunka."

Auta ta sadaƙar komai ya ƙare. Can Baba ya jawo aljihun tebur, ya dire musu faifan da ƙyallen gogewa.

"Ku goge su har in karanta jarida ta cikinsu. In kun gama, ka ce wa manyanka ina gida."

Kwana uku suna gugar gishiri, ba wanda ya yi ƙorafi.

Bayan fitowar sakamako aka ɗaura aure. Da za a tafi da amarya, Baba ya kama hannunta ya sa a na Dogo, idonsa cike da ƙwalla, shi da ba a taɓa ganin hawayensa ba.

"Ga ta nan. Tana kuskure, amma ba ta ɓoyewa. Kai ma kada ka ƙara rufe gaskiya, ko don ita. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya."

Dogo ya durƙusa ya ce amin. Auta kuwa sai kuka.