Hatimin Malam Lado

"Wa kuma yake da irin waɗannan ƙurajen a gidanku?"

Afra'u ta dubi likitar, ta dubi hannun yayanta Ramalan da ke kwance, sannan ta naɗe hannun rigarta.

"Ni. Da Baba. Da ƙannensa biyu."

"Suna raye?"

"A'a."

Likitar ta ajiye biro. Sati biyu da suka wuce aka zura wa Ramalan allura ta baya, aka ciro tsokar ƙodarsa da ba ta kai ƙwayar shinkafa ba. A cikinta aka gano abin da gidansu ya shekara hamsin yana kira jifa.

"Kansar ƙoda ce, mai saurin yaɗuwa, kuma gadonta ake yi. Ƙurajen nan alamarta ce. Ke ma za mu gwada jininki."

A garinsu Nariya ba a ce musu ƙuraje. Hatimin Malam Lado ake kiransu, da sunan kakansu. Duk wanda suka fito masa bayan ya girma, an tabbatar ɗan gida ne. Ranar da dangin saurayinta Badamasi suka zo daga Rano binciken asali, Gwaggo da kanta ta ɗaga hannun Afra'u ta nuna musu, tana fari da ido.

A gaban likitar, Afra'u ta jira ta ji tsoro. Bai zo ba. Yunwa kawai ta ji.

Saura wata guda ɗaurin aure sakamakonta ya fito. Ta gada.

Bushra, 'yar ƙanwar uwar Badamasi, wadda ta daɗe tana auna labulen ɗakinsa da ido, ta zo asibiti dubiya. Ta yi ta tausayawa, ta yi ta tambaya. Kafin Afra'u ta koma gida, labarin ya isa Rano.

"Ba ƙinta nake ba," in ji Hajiya Maijidda ga ɗanta Badamasi. "Jikokin da za su binne ni nake so, ba waɗanda zan binne ba."

Bayan la'asar Badamasi ya yi sallama a zaurensu, da allin makaranta a hannun rigarsa.

"Lefe ka zo karɓa? Yana nan, ko ɗankwali ban taɓa ba."

"Sahibata..."

"Kar ka fara. Duk ɗan da na haifa, rabi da rabi ne. Ko ya ɗauka, ko ya tsira."

"Ke fa?"

"Hoton ƙoda duk shekara, har in mutu. In an gani da wuri, a yanke."

Ta fara tunanin wa zai taya shi ɗaukar akwatunan.

"Wane wata?" in ji shi.

"Me?"

"Hoton. In san lokacin da zan riƙa neman hutu wajen hedimasta."

Ta dube shi. Ta san nan ne ya kamata ta yi kuka.

"Hajiya fa?"

"Za ta yi fushi duk shekara. Mu haɗa shi da hoton wata ɗaya."

Ramalan ya rasu saura kwana tara biki. Aka ɗaura aure ba kiɗa, ba guɗa. Hajiya ta zo, ta zauna kusa da ƙofa. Bushra ta aiko cewa kanta na ciwo.

Da za a fita da amarya, Gwaggo ta kama hannunta, ta shafa ƙurajen da lalle ya rufe, bakinta ya tafi da addu'ar da ta saba yi wa kowace 'yar gidan.

"Allah ya ba ku ɗa mai hatimin gida."

Mata talatin ne a ɗakin.

Babu wadda ta ce amin.