Karfasar Kanal

La'asar ta ɗan gota, iska ta ƙi motsi. Hadari ya taru ta wajen Maradun tun azahar ya tsaya cak, bai zuba ba, bai watse ba.

Taiba ta ajiye tulunta a bakin kanal, doguwar hanyar ruwan nan ta siminti da aka jawo daga dam ta ratsa gonaki har Bakura. Hayatu na zaune inda ya saba, sandar fatsa a hannu, 'yan karfasa huɗu na mutsu-mutsu cikin ƙwarya.

"Taibata... kin zo?"

"Ruwa na zo ɗiba."

"Ruwan dam? Zuwa gidanku?"

Ta so ta yi dariya, sai hawaye suka riga ta.

Duk wanda ya taso tsohon ƙauyensu ya san babanta, Malam Abdulmumini, masunci ne na ji da gani. Ranar da ruwan dam ya rufe ƙauyen har da kaburburan iyayensa, ya ƙone tarunsa, ya rantse kifin ruwan nan ba zai shiga gidansa ba. Hayatu kuwa mutumin Bakura ne, ina zai sani? Da zai je gaisuwar farko ya nemi shawarar Tukur, ɗan baffan Taiba. Tukur, wanda ya daɗe yana son ta a ɓoye, ya ce, "Tsohon masunci ne, kai mishi karfasa manya."

Ya kai. A ƙofar gida aka watsar da su, kaji suka yi biki.

"Baba ya ce ka zaɓa," ta faɗa tana murza bakin mayafinta. "Ko fatsa, ko ni."

Hayatu ya dubi kifin da ke cikin ƙwarya.

"Damina ukku ke nan gonarmu na ƙarƙashin motocin aiki, sun ce sai an gama gyara a raba. Wanga kifi shi Inna ke ci, shi nike saidawa in sawo gero. In na aje sandar nan, mi zan kai mata?"

"To ni fa, Hayatu? Ni fa?"

"Ke ce numfashina, Allah ya sani."

"Mu tahi Talata Mafara! Gwaggona na can, ita za ta tsaya muna..."

"A'a, masoyiya. In ja ki ki saɓa ma mahaifinki? Mutumin da ruwa ya cinye ma komi, sannan ni in ɗauke mishi ɗiya? Ba ni iyawa."

Ta durƙushe. Gabanta ruwa, bayanta gida, ko'ina ta juya bango ne.

Zaren ya motsa. Hayatu ya fizga, sandar ta lanƙwasa, sai ga zare ya taso fayau. Kifi ya tafi da ƙugiya.

"Ta ukku ke nan yau," ya ce a hankali.

"Ɗaurin banza ka yi mata, dole ta tahi."

Muryar daga bayansu ta fito. Taiba ta waiga. Babanta ne tsaye ƙarƙashin bagaruwa, carbi a hannu, kuma da gani ya jima a wurin.

Hayatu ya yar da sanda ya zube ƙasa.

"Baba, barka da la'asar. An wuni lahiya? Ya gida? Ya ƙarfin jiki?"

"Lahiya lau. Ya tsohuwa?"

"Tana gaishe ku."

"Wa ya ce ka kawo min kifi?"

Hayatu ya sunkuyar da kai. "Kuskurena ne, Baba. A gafarce ni."

"Yaya Tukur ne!" Taiba ta fashe da kuka. "Wallahi shi ne, kuma ya san rantsuwarka!"

"Ke, rufe min baki."

Tsohon ya matso har bakin siminti. Rabonsa da tsayawa kusa da ruwan nan haka tun ranar da suka tashi daga tsohon ƙauye. Ya dube shi ya daɗe, kamar mai neman fuskar wani a ciki.

"Na ji abin da ka ce mata," ya ce. "Rantsuwata kan gidana take. Ban rantse kan tukunyar tsohuwarka ba, kuma gidan mijin Taiba ba gidana ne ba."

Taiba ta ɗago ta dubi babanta.

"Ka turo manyanka ran Juma'a. Hannu wofi, babu ko ƙayar kifi."

"Baba..."

"Ɗauki tulunki, mu tahi. Kada ki kuskura ki tsoma shi nan."

Ta ɗauka, tana share hawaye tana murmushi. Da ta waiga sai ta ga babanta ya tsuguna. Ya zaro ƙugiya daga ɗan gwangwanin Hayatu, ya lasa bakin zaren, ya naɗa sau shida, ya zura, ya ja da haƙori. Yatsunsa ba su manta ba. Ya soka tana, ya jingina sandar a gefen ƙwarya.

Kafin Hayatu ya buɗe baki, tsohon ya kakkaɓe rigarsa ya kama hanya.